Inda Aka Kafa Sandar Waifai

Tun da na dawo daga Nijar ban huta ba. Duk wanda ya gan ni a bakin kasuwar kifi sai ya tare ni: "Malam Sabo, yaya ƙasar Faransa?" Wasu da gaske suke tambaya, wasu kuma so suke su ji ta bakina yadda na tafi da dabara cike da aljihu na dawo babu ko ɗaya. Na gaji da maimaitawa, ga shi kowa yana ƙara wa labarin nasa gishirin, har an fara cewa wai raƙumi ya kore ni a Maigatari. Babu raƙumin da ya kore ni. Kallona ya yi, ni kuma na ba shi hanya da sauri. Don haka zan rubuta abin sau ɗaya, wanda ya sake tambaya in miƙa masa takarda.

Ga wanda bai san ni ba, ina da shago a ƙofar kasuwar kifi ta Haɗeja, irin wanda ake kira kafe ko da yake ba a taɓa dafa ko ruwan zafi a ciki ba. Kwamfuta biyu ce, da injin buga takarda, da janareta mai tarin fuka. A da layi ake yi a ƙofata, masu cike takardar jarrabawa da masu neman aiki. Yanzu kowa da wayarsa a hannu. Abin da ya rage mini shi ne cajin waya, sai kuma majalisar da ke cika mini benci daga hantsi zuwa magariba, suna shan inuwata suna gyara gwamnati, ba sa sayen ko ruwan leda. Shagon mutuwa yake yi, kuma na sani.

Ana nan sai wata ƙungiya, mai dogon suna da Turanci wanda ba zan wahalar da ku da shi ba, ta zo ta ce za ta kafa mana waifai kyauta a kasuwa. Sanda ce guda, da faranti mai shan rana a kanta, duk wanda ke kusa ya hau intanet ba sai ya sayi data ba. Amma ɗaya ce tak, kuma ƙarfinta ba ya game kasuwa. Suka ce sun riga sun kafa irinta a wani gari a ƙasar Damagaram, a tura mutum biyu, namiji da mace, su je su gani da idonsu, su dawo su rubuta inda ake so a kafa tamu. Takardar da Turanci za a yi ta, su biyun su sa hannu, kuma abin da suka rubuta shi za a bi.

Aka zaɓe ni saboda Turanci. Tun kafin a tashi daga taron na riga na san inda sandar nan za ta tsaya: ƙofar shagona. Har na fara hango firji da lemo mai sanyi, da jama'a maƙil. Macen da aka haɗa ni da ita kuwa Iya Talatu ce, shugabar mata masu banda, waɗanda rumfunansu ke can ƙuryar kasuwa inda hayaƙi ba ya ɗaukewa. Ta san ni tun ina goye. Ba ta san ko baƙi ɗaya na boko ba, wannan kuma ya kwantar mini da hankali ƙwarai. Abin da take so bai ɓoyu ba. Masu sayen banda daga kudu yanzu sai sun ga hoton kifi a waya kafin su yi magana, dillalan bakin kasuwa ne ke ɗauka su tura, su ne kuma ke dawowa su faɗa wa mata farashin da suka ga dama. Iya so take mata su riƙa nuna kayansu da kansu.

Ranar Alhamis muka tashi da sassafe. Na zo tasha da jaka mai taya, Iya ta zo da ƙunshi ɗaya da ƙaton kwali na bandar tarwaɗa, wai ba a zuwa gidan mutane hannu rabbana. Direba ya ce a sa a but. Ta ce kifinta ba ya zama da tayar safaya.

"Kai Sabo, riƙe mini wannan."

Haka na riƙe shi a cinya tun daga Haɗeja. Muna fita ruwa ne dama da hagu, shinkafa kore shar, masunta masu koma suna ta fama a bakin gulbi. Muna wuce Malam Madori ƙasa ta fara bushewa, Iya ta leƙa ta taga ta ce, "Su mutanen nan a ina suke wanka?" Wani fasinja mai gilashi ya ɗauki tambayar da gaske, ya yi ta yi mata bayanin rijiyar burtsatse har Gumel. Kafin nan man kifin ya ratsa kwali, ya ratsa shaddata, ya zauna daidai inda bai kamata ba. A tashar Gumel kuliyoyi biyu suka raka ni har bakin masallaci.

Maigatari ranar kasuwa ce, shanu da raƙuma da mutane duk a hanya ɗaya, kuma a cikinsu mutane ne ba su da haƙuri. Nan aka yi maganar raƙumin da na riga na wanke kaina a kai. Daga nan muka taka zuwa iyaka. Na daɗe ina jin ana cewa iyaka, na zata zan ga katanga ko kogi. Igiya ce da rumfa, da mutane masu kama da mu sak a ɗaya gefen.

Wani jandarma, wato jami'in tsaron can, dogo siriri, ya karɓi katina, ya duba, ya dube ni.

"Mushe Sabo?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ai da raina."

"Eh, Mushe Sabo. Ko ba kai ba ne?"

Raina ya ɓaci. A Haɗeja in aka ce mushe, to akuya ce ta mutu ba a yanka ba, ana neman mai janta bayan gari. Na fara haɗa masa Turanci mai zafi a zuciyata, sai wani dattijo da ke bayana ya taɓa ni ya raɗa mini cewa a can mushe shi ne malam, girmama ni ake yi. Iya ta ji komai. Yinin ranar ba ta sake kirana da wani suna ba.

Da aka zo kan kwali jandarman ya tambayi abin da ke ciki, tambayar da na tabbata har yau yana nadamarta. Iya ta buɗe, ta ɗaga tarwaɗa ɗaya, ta fara daga gulbin da aka kamo ta, da icen da ake banda da shi, da yadda ake jiƙa ta a ruwan zafi kafin a sa a miya, da kuskuren da matan zamani ke yi. Layi ya taru a bayanmu. Bawan Allah ya yi ta cewa, "Dakor, Hajiya, dakor," wato ya ji ya yarda, har ya ɗaga igiyar da hannunsa.

Muna ƙetarawa sabis ya ɗauke daga wayata. Muka hau a-kori-kura, Iya a gaba kusa da direba, ni a baya tsakanin buhunan gero da wani rago da bai yarda da ni ba. Hanyar yashi ce. Sau uku motar ta kafe, sau uku aka ce maza su sauka su tura, kuma babu wanda ya tambayi ko a cikinmu akwai mai difloma.

Sunan garin ba zan faɗa ba, don mutanen kirki ne kuma ina da abin faɗa a kan burodinsu. Mun isa bayan la'asar. Mai masaukinmu, Mushe Isuhu, wanda ke kula da sandar garin, ya tafi Damagaram sayo wani ƙarfe, sai matarsa ta karɓe mu. Ta shigar da Iya ciki, ni aka ba ni ɗakin da ke jikin zaure. Na zaro caja zan sa wayata, sai na tarar soket ɗinsu ramuka biyu ne zagayayyu kamar hancin tunkiya, tawa kuwa mai ƙafa uku ce. Na gwada ta tsaye, na gwada ta kwance. Kafin magariba wayar ta mutu. Ni da aka turo ƙasar waje in duba intanet, sai da na ari ƙaramar wayar Iya mai tocila na duba lokacin salla.

Aka kawo abinci. Da farko matar ta ce kopto ne, na gyara zama, na ɗauka wani abu ne da ake saukewa daga jirgi. Da aka buɗe kwano sai ga kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, wanda nake gudu a gida. Sai burodi, dogo kamar sandar makiyayi, taurinsa ma kusan haka. Mu namu burodin ana matsa shi ya dawo, nasu in ka matsa shi kai ne za ka ji a jikinka. Amma gaskiya ɗaya: da aka yi miya da tarwaɗar Iya, yadda mutanen gidan suka zauna suka ci ta a natse, suna tsotse ƙaya, suna sa albarka, sai na ji kunyar yadda muke wulaƙanta kifi a Haɗeja. Kafin in kwanta matar ta aiko da saƙo cewa gobe da hantsi mu sami Mushe a fada.

Fada. Na ce wa kaina lallai mutanen nan sun san darajar baƙo. Da safe na fito da babbar rigar da na zo da ita don hoto, na karya hula. Iya ta yafa mayafinta na zuwa biki, ta sa aka sayo goro mai kyau don mai gari. A hanya har ina koya mata inda za ta tsaya in na zube gaisuwa. Muka tare wani mai babur na ce ya nuna mana fada.

"Wace fada? Ai suna da yawa."

Na yi mamakin ƙaramin gari mai sarakuna da yawa haka, amma na ce, "Ta wajen waifai."

Ya ce bai gane ba. Na siffanta masa sanda da faranti. Ya ce, "A'a, wifi kake nufi," yana matse bakin kamar mai kiran kaza, ya nuna mana kwana.

Muna shan kwanar na cire takalmi na riƙe a hannu, don kada a ce mutanen Najeriya ba su da ladabi. Abin da na tarar shi ne bishiyar darbejiya, da benci uku, da tabarmi, da butar shayi a kan gawayi, da maza sun fi talatin kowa ya sunkuya a kan waya. Wani gajere mai wandon jins, ashe shi ne Mushe Isuhu, ya taso yana dariya tun daga nesa.

"Mushe Sabo, Hajiya, sannunku da zuwa. Wala, ga ta, nan ce fada."

Ashe abin da muke kira majalisa shi suke kira fada. Irin tawa ce sak, har da mai gyara gwamnati a ƙarshen benci. Na mayar da takalmina a hankali kamar dama tsakuwa nake cirewa. Goron mai gari kuwa nan aka rabe shi, wani ma ya nemi ƙari.

Aka ba mu shayi a 'yan kofuna kamar murfin kwalba, har zagaye uku, na farko ɗaci kamar maganin zazzaɓi. Mushe Isuhu ya samo mini caja, wayata ta farfaɗo, ta hau wifi ɗinsu ba ko kalmar sirri. Abin yana gudu, ban ga laifinsa ba. Amma ni ba sandar nake kallo ba, shagon da ke gindinta nake kallo. Mai shagon ya ce mini da can sukari da ashana kawai yake sayarwa, yanzu ga firji biyu, ga allon caji cike da wayoyi, har ya rushe bango ya ƙara ɗaki. Na ji daɗi har cikin raina. Na fito da littafina na rubuta, da manyan baƙaƙe, cewa a kafa sanda inda jama'a suka saba taruwa.

Mushe yana ta bayani, yana cewa kowa da kowa na amfana. Iya, wadda tun zuwanmu take tsaye a gefe don babu inda mace za ta zauna, ta ce, "Mushe, ina matan garin?"

"Ba a hana kowa ba, Hajiya. A buɗe yake."

Iya ta juya. Ta gyara mayafi ta bi ta gefen shago ta ɓace. Da na ga shiru ya yi yawa na bi sawunta, ina tattare babbar riga.

Bayan shagunan akwai doguwar katanga, bayanta kuma wani lungu inda ake ɗaure awaki ana zubar da toka. Nan na same ta, tare da mata shida ko bakwai. Duk sun jingina da katangar, wayoyi a sama. A tsakiyarsu an kifa wani tsohon turmi, wata mata tana tsaye a kai, ta miƙa hannu sama iya tsawonsa, fuskarta a ɗage. Sauran suna jiran ta sauko. Ta kan katangar ne ɗan abin da ya rage na sabis yake tsallakowa, sai an hau turmi ake kama shi da kyau, kuma layi ake bi.

Wadda ke kan turmin sunanta Ramatu, tabarmi take saƙawa, hoton sababbi take turawa wani mai saye a birni. Hoto ɗaya ya fi minti biyar yana juyawa. Na tambaye ta me ya hana ta zagayawa gaba, inda abin yake da ƙarfi, tunda ba a hana ba. Ta dube ni daga sama, da rigata da hulata.

"Mushe, in ratsa maza talatin in zauna a tsakiyarsu da waya a hannu? Kafin in kai gida labarina ya riga ni."

Matan suka yi dariya, ba dariyar jin daɗi ba. Iya ta riga ta ari wayar ɗaya daga cikinsu ta yi awo da ƙafarta. Ta ce mini daga gindin sanda zuwa taku arba'in da biyar abin yana da rai, daga nan sai ya fara suma, katangar kuma tana kan hamsin da biyu. Sannan ta ce, "Sabo, daga ƙofar shagonka zuwa rumfunanmu taku nawa ne?"

Na ce ban taɓa ƙirgawa ba. Gaskiya ne ban ƙirga ba, amma na san ya haura ɗari biyu. Kunya ta kama ni a lungun nan, ba zan ɓoye ba. Sai dai kunya daban, firji biyu daban, kuma ban canza niyya ba.

Da muka gaya wa Mushe Isuhu, sai da ya zo ya leƙa da kansa. Ya tsaya yana kallon turmin, ya cire hula ya sosa kai. Tun da aka kafa sandar bai taɓa zagayowa bayan katangar ba, kuma babu wadda ta taɓa zuwa ta gaya masa. Ya yi ta cewa za a duba. Mutumin kirki ne, ina fatan ya duba.

Dawowa ba ta da labari, sai dai jandarman nan yana hango Iya ya ɗaga igiya tun kafin mu iso.

Ranar Litinin da safe na tayar da janareta na zauna na rubuta takardar. Turanci na zuba mai kyau, irin wanda ni kaina sai na sake karantawa nake ganewa. Ban ce ƙofar shagona ba, cewa na yi cibiyar hada-hadar al'umma da ke mashigar kasuwa. Na buga, na sa hannu, na ɗauki tawadar dangwale na nufi rumfunan banda. Rabona da shiga wajen an yi shekaru. A hanya na shirya fassarar da zan yi mata, wadda za ta ji kamar an ce ƙuryar kasuwa ba tare da na yi ƙarya ƙarara ba. Na iya irin wannan, sana'ata ce.

Na same ta tana juya kifi a kan raga, mata uku suna taya ta. Na ce, "Iya, ga takarda. Bari in karanta miki."

"Bar shi. Me zan ji a ciki?" Ta goge babban yatsanta a zani ta miƙo. "Ga murhun uwarka can, na uku daga bango. A kansa ta tsaya shekara da shekaru tana shan hayaƙi don ka iya Turancin nan. In ban yarda da naka ba, da na wa zan yarda?"

Ta dangwala, ta koma kan kifinta.

Na dawo shago da takarda a hannu, komai ya kammala, saura in miƙa. Babu wanda zai taɓa kama ni, don ko an kafa sandar a ƙofata cewa za a yi masu ƙungiya ne suka zaɓa. Na zauna ina kallon shatin yatsan, da ɗan maiƙon kifi a gefensa. 'Yan majalisa suna ta tambaya ko an gama, yaushe za a kawo mana kayanmu. Na daɗe a zaune. Na ji haushin Iya, na ji haushin uwata da ta zaɓi murhu na uku daga bango, na fi jin haushin kaina. Sannan na sake tayar da janareta na rubuta wata, gajeriya, da Turancin da ko ɗan aji uku zai gane: a kafa sanda a tsakiyar rumfunan mata masu banda. Na san abin da na yi wa shagona, kuma ban ji wani sanyi a zuciya ba, kada wani ya ce muku na ji.

Na koma cikin hayaƙin. Na ce mata man kifi ya ɓata ta farkon, sai an sake dangwalawa. Ta dubi takardar, ta dube ni, ta daɗe tana dubana. Ta goge yatsan a zani, amma ba ta miƙo ba.

"Wannan karon," ta ce, "karanta mini."

Na karanta mata layi-layi, da Turanci sannan da Hausa, matan suka bar abin da suke yi suka matso suna ji.